Tururuwar da Ta Kusa Raba Nana da Nono

Da sunan Allah nake farawa, shi ne mai ɗora ciwo, shi ne mai sauke shi.

Sunana Idi. A Sabon Gari ta Maraɗi an fi sanina da Idi Mai Faci, ko da yake yanzu idona ya daina ganin hujin taya, sai dai in zauna bakin rumfa ina ba da shawarar da ba wanda ya tambaye ni. Bokona na yaƙi da jahilci ne, wanda aka koya mana da yamma a gindin bedi, saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace ya tallafe shi ya wuce. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne jikata Nana ta yi ciwon da har muka fid da rai, Allah ya tashe ta, kuma na lura hanyar da muka bi muka kai can akwai gidaje da yawa da ke kanta yanzu haka.

Uwar Nana ita ce Balkisa, ɗiyata auta. Tana sayar da tikiti a gishe na wani kamfanin motocin safa. Mijinta Sani yana da garka a Jiratawa, zogale da tattasai, can yake kwana sai ranar Alhamis ya shigo gari. In garka ta yi kyau a ci daɗi, in ba ta yi ba albashin Balkisa ne ke riƙe da ɗakin haya. An haifi Nana da kumatu kamar an hura su da famfon keke. Ina ce mata amaryata, ina yi mata alkawarin lefe, ita kuma tana yi mini fitsari a riga, haka muke zaune lafiya.

Da konjen haihuwa, wato hutun jego, ya ƙare, zafi ya fara kankama, Balkisa ta koma aiki. Ta roƙi shef ɗinsu, wato shugaban tashar, ya riƙa barinta tana fita da rana ta ba yarinya nono. Ya ce mata, "Madam, nan tasha ce, ba gidan raino ba." Ta haƙura, don a tunaninta alfarma ta nema aka hana ta. Sai aka riƙa kawo Nana gidana tun da safe, mai ɗakina Rabi ta riƙe ta har la'asar, da bibiro, wato kwalbar shayar da jariri, da madarar gwangwani.

Madarar nan ba ta da albarka, ka buɗe gwangwani yau, ka waiwaya ka ga gindinsa. Rabi mace ce mai tattali, sai ta fara yi wa cokalin irin awon da take yi mini na sukari a shayi. Ruwan damawa daga randa. Tsakanin bibiro da bibiro kuma a ba ta ruwa zalla, don dukanmu mun yarda ba mai imanin da zai hana jariri ruwa a zafin Maraɗi. Bibiron ana ɗauraye shi, ba a tafasa shi, ƙuda kuma sun san inda ake ajiye shi fiye da mu.

A makon farko zawo ya fara. Maƙwabta suka ce haƙori ne. Na ce haƙori a wata uku, sai ko ɗiyar kura. Wasu suka ce zafi ne ya taru a cikinta. Muka sayi wani jan siro wajen mai yawo da magani a tire, ta sha, zawon ya canja launi ya ci gaba da abinsa. Balkisa kuwa tana dawowa da la'asar gaban hijabinta a jiƙe, fuska a ɗaure don ciwo. Daga baya Rabi ta gaya mini a makewayin tasha take shiga ta tatse ta zubar, don ta samu ta iya zama kan kujera. Uwa na zubar da nono a can, ɗiya na shan ruwan randa a nan. Sannu a hankali nonon ya fara ja da baya, Nana kuma ta saba da bakin roba mai zuba da kansa, in an sa ta a ƙirji sai ta ja sau biyu ta saki ta yi ta tsala ihu.

A mako na biyu labari ya kai Tsibiri, Yaya Tasalla ta sauka da ƙullin kayanta. Yayata ce, ita ta goye ni, kuma har yau da furfurata in ta kalle ni sai na gyara zama. Rabin mutanen unguwarsu ita ta yanke musu cibi. Tana salla, amma a bayan gidanta akwai wani ɗan ɗaki da ba a shiga da takalmi, ban taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta taɓa gaya mini ba. Ta ɗauki Nana ta juya ta, ta taɓa maɗigarta da ta faɗa, ta sa aka ɗora ta a ƙirjin uwar. Yarinya ta ja ta saki ta yi kuka.

"Kun gani? Ɗiya ba ta ƙin nono haka nan banza," in ji Yaya. "Ita ta san abin da bakinta ya ji. A gwada shi."

Ga waɗanda ba su san gwajin ba, ga yadda ake yi. Ana tatsa nonon a ludayi, a kamo baƙar tururuwa daga gindin bango a jefa ciki. In ta yi iyo ta kama gefe ta fita, nono lafiya lau. In ta mutu, an ce yana da kaikai, shi ke sa ɗa zawo. Aka kore ni zuwa zaure har aka gama tatsa, sannan aka kira ni shaida. Tururuwa uku aka jefa. Suka yi ta juyi, suka yi ta juyi, ludayin ga santsi, daga nan suka miƙe ƙafa.

Na ce, "Yaya, ni ma fa in aka jefa ni cikin tafkin nono ba zan fito ba, ban iya ruwa ba."

"Rufe mini baki, Idi. Haihuwa nawa ka karɓa? Tahi ka yi ma taya faci."

Ta yanke hukunci: Nana ba za ta ƙara kama nono ba sai an wanke shi. Za a jiƙa saiwoyi, Balkisa ta sha ta kuma wanke ƙirji safe da yamma, kafin nan a ba yarinya nonon akuya. Balkisa ta ce, "Gwaggo, a wajen awo an ce mana..." Yaya ta katse ta, "Masu awon su suka haihe ki?" Washegari Sani ya iso daga Jiratawa da akuya ɗaure a bayan moto, ɗanta a cikin buhu kansa a waje, dukansu uku suna kuka.

Ni dai abin bai kwanta mini ba. Da Rabi ta tatsi akuyar na saci kaɗan a murfin gwangwani, na kamo tururuwata na jefa. Ta mutu, har ta riga na jiya saurin mutuwa. Ɗan akuyar kuwa ga shi can yana tsalle kan turmi, tumbi kamar ganga. Na kai wa Yaya murfin da ɗan girman kai na ce ta duba, nonon akuyar ma ai kaikai gare shi. Ta dubi murfin, ta dube ni, ta ce, "Akuya dabba ce, kai kau ka hi ta." Matan gida suka kwashe da dariya, magana ta mutu nan.

Wadda ba ta yi dariya ba ita ce Balkisa. Da yamma ta same ni a zaure ta tsuguna, ta ce, "Baba, ni ma na ga na akuyar. Amma in gaskiyar Gwaggo ce fa? In ni ce nake kashe ta da bakin nonona?" Mutumin da ɗansa ke narkewa a gabansa kowace magana aka faɗa masa sai ta samu wurin zama. Ta ci gaba da shan jiƙo, tana zuwa aiki, tana dawowa ta rungume ɗiyarta ta baya don kar ta ji ƙamshin nono.

Mako na uku amai ya haɗu da zawo. Kumatun nan suka tafi. Idanu suka shige ciki. In ka tsunkuli fatar cikinta sai ta tsaya a tsunkule kamar tsohuwar robar cikin taya. Tana kuka ba hawaye, muryar kamar ta ɗan kyanwa. Wata safiya ina alwala Rabi ta leƙo ta ce, "Malam, yau fa ba ta kuka." Duk tsawon ciwon kukan ke damuna, ranar na gane shirun ya fi shi muni. Na aika aka kira Balkisa, ta baro gishe ba ta ko nemi izini ba. Yaya ta ce a jira jiƙon ya cika kwanakinsa. Na ce mata, karo na farko a rayuwata, "Yaya, jiƙon ya biyo mu a baya."

A likitar unguwa, ƙaramin asibitinmu, mun tarar da mata cike da baranda, kowace da goyo, an jera karne-karne, katunan awon yara, a ƙasa an danne da duwatsu, su ne layi. Da mun bi layin nan da sai azahar. Allah ya sa majo, babban ma'aikacin wurin, ya fito shan iska, ya hango kan Nana yana lilo a kafaɗar uwarta, ya ce a shigo da ita. Wata mata ta yi gunaguni, ta kusa da ita ta ce, "Ke, dubi ɗiyar mana." Ya ɗora ta a sikeli, ya duba karnenta, ya ce ta koma ƙasa da nauyin da take da shi tana wata guda. Ya ce tamowa ce ta haɗu da ƙarewar ruwan jiki, ya fi ƙarfin nan. Ya rubuta takarda muka hau adaidaita zuwa asibitin da ya tura mu, ɓangaren da suke kira kireni, inda ake kwantar da yaran da suka rame.

Zan faɗi gaskiya ta kowane gefe. Ba a karɓi kuɗin gado ba, ba a karɓi na madararsu ba, kuma ma'aikatan ɗakin ban san lokacin da suke cin abinci ba. Amma gado guda yara biyu, famfo guda ga mata ɗaki guda, makewayin kuwa ba zan ɓata takarda da shi ba. Wani maganin sai a ce ya ƙare, a miƙo maka ordonans, takardar sayen magani, ka fita farmasi. Abincin mai jinya daga gida, kuɗin adaidaita safe da yamma. Akuyar Jiratawa dai a nan ta yi amfaninta na gaskiya, Sani ya kai ta kasuwa. Mu maza ba a barinmu ciki sai lokacin ziyara, muna zaune gindin wata bishiya muna ba juna labarin zawo kamar masu labarin kokawa. Mai gadin ƙofa ya tsane ni saboda ina yawan cewa na manta hulata a ciki.

Kwanakin farko ta hanci ake ba Nana madara, da ɗan siririn tiyo. Amai ya tsaya, zawon ya fara sauƙi. Ranar da ta buɗe ido ta bi hannun uwarta da kallo, Rabi ta fito ta gaya mini, na ba duk mazan gindin bishiya goro.

Akwai wata ma'aikaciya, Madam Zainabu, doguwa mai muryar da ake ji daga ƙofa. Ta tambayi Balkisa yaushe rabon yarinya da nono. Balkisa ta sunkuyar da kai ta ba ta labarin ludayi. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta zauna bakin gado ta ce, "Ba makon da za a yi ba a kawo mini labarin tururuwa ba, ko na wuƙar da aka gasa aka ɗiga nono a kai. Ɗiyata, nononki bai taɓa lalacewa ba. Ciwon ta bibiro ya shigo, shi da ruwan da ake ba ta. Abin da zai tsare ta shi kuka janye mata." Balkisa ta ce ai yanzu ya ƙafe, ko ta matsa sai ɗigo. Madam ta ce, "In ana ja yana dawowa. Za mu yaudare ta."

Yaudarar na ganta da idona lokacin ziyara, daga nesa kaɗan, don kunya. An zuba madara a kofi, an tsoma bakin siririn tiyo ciki, ɗaya bakin an manna shi a kan nonon uwar. Ni abin da nake gani kofi ne a hannun Rabi, da tiyo da ya shige ƙarƙashin hijabi, madara na sauka a hankali. Na ce ashe irin yadda muke zuƙo esansi, wato fetur, daga tanki ne. Yarinya tana ja, madarar kofi na shiga bakinta, tana zaton daga uwarta ne, jan da take yi kuma shi ke kiran na gaskiyar. Amma ba a rana guda ta yarda ba. Da farko tana jin tiyon sai ta ture. In ta kama sai ƙarfi ya ƙare mata ta yi barci. Balkisa ta yi kuka ta ce a bar ta, abin nan ba zai yi ba. Madam Zainabu ta ce, "Yi kukanki ki gama, sannan ki gyara mata zama." Rabi na dama kunun gyaɗa, Sani na aiko zogale har matan ɗakin duka suka ci suka gaji.

Yaya Tasalla ta zo dubiya da ƙwaryar fura ga Balkisa. Ta daɗe tsaye tana kallon kofi da tiyo, ta yi wa Nana addu'a mai tsawo, na ga idonta ya yi ja. A bakin ƙofa na ce, "Yaya, kin ji abin da suka ce game da gwajin?" Ta ce, "Tururuwar Maraɗi ce ba ta da ƙwari. Da ta Tsibiri ce da ta hita." Na bar ta a haka, don daga gare ta wannan ban haƙuri ne.

A mako na biyu na kwanciyarmu suka fara rage madarar kofin da gangan. Kowace safiya a ɗora Nana a sikeli. An rage madara, nauyi bai sauka ba. Aka ƙara ragewa, ya hau. Madam ta ce wa Balkisa, "To, daga ina kike tsammani take samun sauran?" Rabi ta ce ranar ce ta fara ganin haƙoran Balkisa a dariya tun da aka fara ciwon.

Murnar ba ta daɗe ita kaɗai ba. Shef ya kira a waya ya ce in Balkisa ba ta dawo farkon mako ba, akwai mai jiran kujerar. Madam Zainabu kuma ta ce za a sallame mu, amma nonon bai gama tsayawa da ƙafarsa ba, in aka koma barin yarinya tun safe har la'asar zai sake ƙafewa, a koma bibiro, mu sake dawo mata, kuma ba kowane yaro ke fita sau biyu ba. Sani, da ba ya iya haɗa ido da ni don kunyar surukuta, ya ce da bango ta bar aikin kawai. Ni ma na ce ta bari. Balkisa ta ce, "In na bari, uwar da za ta ba da nonon mi za ta ci?"

Wata mata da ke da buro a asibitin, asistan sosiyal suke ce mata, ita ta ji zancen ta kira Balkisa. Ta ce dokar aiki ta ƙasar nan ta ba mace mai shayarwa lokacin ba da nono a cikin ranar aikinta, har awa guda, har ɗa ya shekara, kuma haƙƙinta ne, ba sai shef ya ga dama ba. Ta ce ta karɓi takardar likita ta tafi anspekson, wato buron da ke shiga tsakanin ma'aikaci da mai gidansa. Ni da rediyo ba ya barin kunnena, na san sunan shugabannin ƙasashen da ban san inda suke ba, ban taɓa jin wannan ba. Da mun sani tun farko, da ba bibiro, da ba ludayi.

Na ce zan raka Balkisa. Na fiddo babbar rigar salla, na shirya jawabi tun daga gaisuwa har inda zan buga tebur. Ranar farko aka ce anspekta ya tafi misiyo, wato tafiyar aiki. Rana ta biyu muka same shi, wani siriri mai tabarau. Balkisa ta yi bayani da Faransanci. Ni "bebe" kawai nake kamawa, in na ji ta sai in gyaɗa kai da ƙarfi. Aka kira shef, ya zo yana kaɗa makullin mota. Da aka juya Hausa ya ce shi bai san ciwon ya kai haka ba, shi ma yana da ɗiya. Sannan ya ce, "Amma in na ba ta, gobe sauran matan ma sai su nema." Anspekta ya ce, "Su nema mana, nasu ne." Na ga lokacina ya yi, na miƙe na gyara hannun riga na ce, "Ranka ya daɗe..." Ya ce, "Baba, zauna, an gama." Jawabin yana nan cikina har yau.

Aka raba awar biyu, rabi da hantsi, rabi bayan azahar. Shef ya cika alkawari, sai dai ya mai da ita gishen da ke kallon rana, kuma ya daɗe yana amsa gaisuwarta da hanci. Ban ce ya zama waliyyi ba.

Sai wata matsala ta fito. Rabin awa ba ya kai mutum gida ya shayar ya dawo. Dole a kai mata yarinya tasha, sau biyu a rana. Gwiwoyin Rabi ba sa kai ta ko bakin titi, kuɗin adaidaita kullum kuma ba mu da su. Aka duba gidan kaf, mutum guda ne ba shi da aikin yi. Ranar farko na ɗauke ta a kafaɗa da tawul a kanta, kafin in kai hannuna ya mutu. Rana ta biyu Rabi ta ce, "Malam, juyo." Ta ɗora mini ita a baya, ta ɗaura zani, ta ƙara majanyi, ta ja har sai da na yi tari. Na ce ta rufa mini asiri in ɗora babbar riga a kai. Ta ce in ina so in dafa yarinyar ne to.

Haka na fita Sabon Gari da goyo, da gemu, da hula. Ƴan kabu-kabu suka fara: "Inna Idi, ina kwana! Ya jego?" Abokina Habu mai goro ya taso daga teburinsa har tsakiyar titi ya ce, "Barka da arziki, ashe an sauka lahiya! Yaushe suna?" Na ce suna ya wuce, kuɗin barkarsa nake jira. Wani dattijo ya tare ni da gaske ya ce wannan ba aikin namiji ba ne. Na ce ya kawo macen. Matan hanya su ne ba su yi dariya sosai ba, wata ma ta tsai da ni ta gyara wa Nana wuya ta ce, "Baba, ka riƙa bin inuwa."

A tasha wata mai shinkafa da wake, Hajiya Mariama, ta ba mu benci a bayan rumfarta, ta rataya zani ya tare rana. In direba ya zo zai zauna sai ta ɗaga ludayin miya ta ce, "Wannan wurin yana da mai shi." Balkisa ta fito da sauri, in kwance, ta karɓa, ni kuma in juya baya in yi ta kallon motoci ina jin haɗiyar yarinya, ƙwat, ƙwat, har ta saki da kanta ta yi gyatsa irin ta ƴan kamasho. Ba ruwa, ba bibiro, har ta cika wata shida, kamar yadda aka ce mana. A zafin nan na yi ta jin tsoro, amma ba ta ƙara zawo ba.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe kaɗan ne. In jariri ya fara zawo a ci gaba da ba shi nono, a kai shi likita tun yana da ƙarfin kuka. Kar a bar ƙwaro ya yanke wa uwa hukunci. Mace mai aikin albashi ta san tana da awarta, ta tambaya, in an hana ta akwai inda ake zuwa. Ƙorafina ga hukuma shi ne dokar tana nan amma a kwance cikin buro, sai ɗa ya kusa mutuwa ake jin labarinta. Kuma masu aikin gidajen mutane da masu talla a kasuwa ban san wanda zai kira musu shef ba. Godiyata ga majo, da Madam Zainabu, da matar buro, da Hajiya Mariama, Allah ya biya su da abin da ba mu iya ba.

A awon ƙarshe aka ce Nana ta kamo tsaranta, ba sai mun ƙara zuwa ba sai ranar allura. Tun daga lokacin kuma ba ta tsaya ba. Cinyoyi sun yi ninki, zanin da ke zagaye mu sau biyu yanzu da ƙyar yake haɗuwa. Kwanan nan bayana ya fara ciwo, in na tsuguna sai an kama ni. Na biya likitar unguwa a kan hanyar tasha, na bi layi kamar kowa, na shiga wajen majo. Kansa na kan takarda ya ce, "Baba, wane irin kaya kake ɗauka a shekarunka?" Na juya masa baya. Ya ɗago, ya dubi Nana, ya duba karnenta, ya gane ta. Ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce, "Wannan ciwon ba shi da magani sai ta fara tafiya."

Na ce ba gaggawa. Na karɓi man shafawa, na ƙara ɗaure majanyi, muka kama hanya, don hantsi ya yi kuma ta fara tsotsar wuyan rigata.